Telebijin ta hanyar intanet: lissafin da ke gaban mai gida a Tirmini

Garin Tirmini yana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, yamma da birnin Zinder, cikin gundumar Takeita. Duk wanda ya taɓa jin tarihin Damagaram ya san wannan suna, domin a nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tari rundunar Faransawa a ƙarshen watan Yuli na shekara ta 1899, kafin birni ya faɗa hannun baƙi. A wancan zamani labari da ƙafar doki yake tafiya, wanda ya riga isa ƙofar fada shi ne ya san abin da ake ciki. A yau kuwa mutum yana zaune bisa tabarmarsa a Tirmini, yana iya ganin abin da ke faruwa a Makka ko a filin ƙwallo na Ingila a daidai lokacin da ake yinsa, in dai ya cika waɗansu sharuɗɗa. Waɗannan sharuɗɗa su ne ba a cika faɗa wa mai saye ba.

A ƴan shekarun nan wani ɗan akwati ya yawaita a shagunan masu sayar da kayan lantarki na Zinder da Maraɗi da Kano. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, mafi yawansa daga ƙasar Sin ake kawo shi, kuma tsarin Android ne a cikinsa, irin wanda ke cikin wayoyin hannu. Mai shago yakan ce da wannan akwati an huta da parabol, an huta da biyan kamfani kowane wata, tashoshi dubu suna nan a ciki. Maganar tana da daɗin ji, amma gaskiyar da ke cikinta ba ta kai rabi ba. Akwatin kansa shi ne abu mafi sauƙi kuma mafi araha a cikin dukan al'amarin. Nauyin yana ga layi, da wuta, da kuɗin da za a dinga biya, da kuma wanda ya tsara tashoshin da za a gani.

Yadda ake haɗa shi

Aikin haɗawa ba shi da wuya, yaron da ya iya sarrafa waya zai gama shi kafin shayi ya nuna. Ana sa igiyar HDMI tsakanin akwatin da telebijin. Idan telebijin tsohon yayi ne wanda ba shi da wannan kafa, sai a nemi akwatin da ke karɓar igiya mai kai uku, rawaya da fari da ja. Daga nan sai a ba akwatin intanet ta wifi, ko dai daga wayar mai gida, ko daga ƙaramar na'urar da ake sa wa layin waya tana rarraba wa gida duka. A ƙarshe sai a ɗora manhajar da za ta nuna hoton.

Manhajar da ta fi suna a wannan fanni ita ce Kodi. Asalinta masu sha'awa ne suka ƙirƙira ta don na'urar wasa ta Xbox a farkon shekarun 2000, tana amsa sunan XBMC, sai a 2014 aka sauya mata suna. Kyauta ce, ba a sayenta. Akwai kuma VLC, wadda ɗaliban wata babbar makarantar injiniyoyi ta Faransa suka fara, ita ma kyauta. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, waɗannan manhajoji ba su zuwa da tasha ko ɗaya a cikinsu. Kwano ne wanda babu tuwo. A cikin Kodi sai an ƙara wani ɗan sashe mai suna PVR IPTV Simple Client, sannan a rubuta masa adireshin wata takarda da ake kira M3U.

Wannan takarda ita ce zuciyar aikin, ko da yake ba kome ba ne a cikinta illa jerin sunaye: sunan tasha, sai adireshin inda hotonta yake fitowa a intanet, sai tasha ta gaba da nata adireshin, har ƙasa. Mai so yana iya ƙara takarda ta biyu, mai ɗauke da jadawalin shirye-shirye, don ya san abin da za a nuna da ƙarfe nawa. Idan mutum ya danna sunan tasha, akwatin yakan bi adireshin ya roƙi hoton, a dinga aiko masa da shi guntu-guntu, yana tarawa yana nunawa. Wannan tsari shi ake kira IPTV. Ranar da mai tashar ya sauya adireshi ko ya rufe ƙofa, suna zai tsaya a jerin, amma allo zai yi baƙi. Shi ya sa mutum yakan sayi akwati da aka ce masa tashoshi dubu ne, bayan wata biyu ya tarar rabinsu sun mutu, alhali akwatin lafiyarsa lau.

Mai shela da mai ga-ruwa

Bambancin da ke tsakanin wannan sabuwar hanya da tsohuwa shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin daga gare shi sauran matsaloli suke fitowa.

Telebijin na eriya da na parabol kamar mai shela suke. Ya hau tudu ya yi magana sau ɗaya, mutum goma suka ji ko mutum dubu goma, muryarsa ɗaya ce, wahalarsa ɗaya ce. Wanda ya kafa eriyarsa ya kama Télé Sahel, ko ya kwana yana kallo ba a ƙara masa ko dala, kuma kallonsa ba ya rage wa maƙwabcinsa kome. Telebijin na intanet kuwa mai ga-ruwa ne. Kowane gida da nasa tulun, kowane tulu da kuɗinsa, kuma duk daga rijiya ɗaya ake ɗiba. Mutanen Damagaram, da suka daɗe da sanin darajar ruwa, ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan abin da ke faruwa a bakin famfo idan kowa ya zo da jarkarsa a lokaci guda.

Rijiyar a nan ita ce dogon ƙarfen kamfanin waya da ke kusa da gari. Ƙarfinsa ƙayyadadde ne, kuma duk masu waya na kewaye suna raba shi. Da hantsi, lokacin da jama'a ke gona ko kasuwa, hoto yakan zo sumul. Bayan sallar isha, sa'ad da kowa ya kama wayarsa, a nan ne hoton zai tsaya cak, ɗan da'irar nan ta fara juyawa a tsakiyar allo. Mai gida sai ya zargi akwati ko ya zargi yaron da ya haɗa, alhali cunkoso ne a rijiya. Abin takaici kuma, daren da aka fi son kallo, daren babban wasa ko na jawabin shugaban ƙasa, shi ne daren da cunkoson ya fi tsanani. Garuruwan da ke bakin kwalta sun fi samun sauƙi, amma ƙaramar hukumar Tirmini ba garin Tirmini kaɗai ba ce, akwai ƙauyuka da rugage masu yawa can cikin daji, kuma gwargwadon nisan mutum da ƙarfen, gwargwadon raunin abin da zai samu.

Akwai kuma jinkiri. Tun da akwatin sai ya tara guntayen hoto kafin ya nuna, abin da ake gani yakan kasance a baya da rabin minti, wani lokaci har minti guda. Mai rediyo a zauren maƙwabta zai yi kururuwar an ci ƙwallo, mai akwati yana nan yana kallon ɗan wasa bai ma karɓi ƙwallon ba. A gida wannan abin dariya ne. Ga mai gidan kallo da ya karɓi kuɗin mutane, ba abin dariya ba ne.

Sai batun kuɗi, wanda lissafinsa duk wanda ya sauke karatun yaƙi da jahilci zai iya yi da alli a bango. Hoto matsakaici, wanda ido zai gamsu da shi a telebijin na gida, yana cin kamar megabit 2 a kowace daƙiƙa. A awa ɗaya wannan ya kama mega 900, wato jiga ɗaya saura kaɗan. Wasan ƙwallo guda, da hutun rabin lokaci da sharhi, ya kusa jiga 2. Gidan da ke kallo awa 3 kowane dare zai ci awa 90 a wata, wato jiga 81. Idan aka ce sai hoto mai tsabta sosai, irin na megabit 5, lissafin zai haura jiga 200. Mai gida ya tambayi farashin jiga ɗaya a wurin kamfanin da yake hulɗa da shi, ko Airtel ne, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom, ko Niger Télécoms, ya ninka, sannan ya ajiye sakamakon kusa da kuɗin buhun hatsi. A nan zai gane cewa wanda ya ce masa an huta da biyan wata-wata bai faɗi gaskiya ba: biyan ya ƙaura ne daga hannun kamfanin telebijin ya koma hannun kamfanin waya, kuma sau da yawa ya fi na da nauyi.

Gaskiya ne hanyoyi suna ƙaruwa. Aikin igiyar gilashi mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya ƙunshi sama da kilomita 1000 a cikin ƙasar Nijar, kuma ɗaya daga cikin rassansa ya tashi daga Zinder ya bi ta Tinkim zuwa iyakar Nijeriya. Amma igiya ta ratsa jaha daban, ta shiga gidan talaka daban. Haka nan kamfanin Starlink, wanda ke kawo intanet kai tsaye daga taurarin ɗan Adam, ya ƙulla yarjejeniya da hukumomin Nijar a watan Oktoba na 2024, ya fara aiki a watan Maris na 2025. Shi ba ruwansa da nisan ƙarfen waya, faifansa yana aiki a tsakiyar daji kamar yadda yake yi a Yamai. Sai dai kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin manomi guda. Abu ne na ofis, na asibiti, na ɗan kasuwa, ko na mutane da yawa da suka haɗa kai.

Batun wuta

Duk wannan magana a kan wuta ta dogara. A ƙasar Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuwa adadin ya yi ƙasa da haka nesa. Jahohin Zinder da Maraɗi sun daɗe suna samun wani kaso na wutarsu daga Nijeriya ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma jama'a ba su manta da abin da ya faru ba lokacin da aka yanke wutar a watan Agusta na 2023, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Ga mafi yawan ƙauyuka dai, fano na hasken rana da batir su ne NIGELEC ɗinsu.

A nan lissafin bai yi muni ba. Telebijin na zamani mai inci 32 yana cin kamar wat 40, akwati bai wuce wat 10 ba, na'urar rarraba intanet ita ma haka. Jimla wat 60 ke nan, kallon awa 4 kuma zai ci 240 a ma'aunin wat na awa. Fano mai wat 100, a ranar Damagaram, yana iya mayar da wannan har da rara, muddin ana share masa ƙura lokacin hunturu kuma batir bai tsufa ba. Amma idan aka ɗora babban faifan Starlink, wanda shi kaɗai yake cin tsakanin wat 75 zuwa 100, to nauyin ya ninka har ya wuce, sai an ƙara fano an ƙara batir. Wani abin lura kuma, ƙarfen kamfanin waya shi ma da wuta yake aiki. In gurup ɗinsa ya tsaya, batir ɗin mai gida a cike yake amma babu abin kallo.

Abin da aka riga aka gwada a ƙasar nan

Matsalar kai hoto ga mutanen karkara ba yau ta fara ba, kuma Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da suka riga kowa yin tunani a kanta. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda mutanen gari ke taruwa gindin akwati ɗaya, su saurara, su tattauna, a naɗi ra'ayinsu a mayar Yamai. A 1964 aka fara telebijin na makaranta da taimakon Faransa, inda darasi ke fitowa a allo, mai kula da aji yana bi da yara. A 1968 har an gwada kunna irin wannan telebijin da hasken rana a wata makaranta kusa da Yamai, lokacin da fano abin mamaki ne ko a Turai. Da Télé Sahel ta kama aiki sosai a 1979, zamanin Seyni Kountché, hukuma ba ta jira sai kowane gida ya sayi nasa ba. An kafa wuraren kallo na jama'a a garuruwa da ƙauyuka, da yawansu da hasken rana suke aiki, ana fito da akwati da maraice, gari ya hallara.

Dattawan da suka ga wannan zamani sun san amfaninsa, sun kuma san inda ya gaza. Akwati ya lalace a jira mai gyara wata da watanni, batir ya mutu babu mai sayen wani, abin kowa ya zama ba na kowa ba. Duk da haka tunanin da aka gina shi a kai daidai ne: inda dukiya ta yi kaɗan, allo ɗaya ya ishi mutum ɗari. Gidajen kallo na ƴan kasuwa, masu parabol da gurup da benci, su ne suka gaji wannan aiki, da bambancin cewa mai gidan yana gyara kayansa da wuri domin abincinsa ne.

Telebijin na intanet, idan aka bar shi ga halinsa, jama'a yake rarrabawa, kowa da allonsa, kowa da kuɗinsa. A birni mai wadata wannan ba laifi. A Tirmini kuwa lissafin da aka yi a sama ya nuna cewa bai yi araha ba sai an mayar da shi abin tarayya: layi ɗaya mai ƙarfi, allo ɗaya babba, mutane da yawa su raba nauyin. Jiga 2 na wasan ƙwallo nauyi ne ga mutum guda, amma in mutum hamsin suka raba, ba wanda zai ji a jikinsa. Makaranta, da cibiyar yaƙi da jahilci, da gidan matasa, da ƙungiyar mata masu asusu, duk wurare ne da wannan akwati zai fi yin amfani fiye da ɗakin mutum ɗaya.

Abonma mai araha

Yanzu sai tambayar da mai shago ba ya son a yi masa: tashoshin nan dubu, na wane ne?

Akwai tashoshin da masu su da kansu suka buɗe ƙofa a intanet, kowa ya kalla kyauta. Akwai kuma kamfanonin da ke sayar da kallo ta intanet bisa ƙa'ida, da manhajarsu da rasiɗinsu. Waɗannan babu zargi a kansu, kamar yadda babu zargi a kan Kodi ko a kan akwatin kansa. Amma idan wani ya ce zai ba mutum dukan tashoshin Canal+ da na beIN Sports da na DStv a dunƙule, shekara guda cur, a kuɗin da bai kai na wata ɗaya ba a wurin masu su, to kayan sata ne. Wani ne a wata ƙasa ya kama hoton ba da izini ba yana sake sayarwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ƙasashen Turai sun daɗe suna farautar masu wannan sana'a. A watan Afrilu na 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa sayar da akwatin da aka riga aka cusa wa hanyoyin kallon sata keta haƙƙin mai abu ne. A watan Nuwamba na 2024 masu gabatar da ƙara na Italiya, tare da ƴan sandan ƙasashe da dama, sun rusa wata ƙungiya da aka ce tana da masu kallo sama da miliyan 22. Duk ranar da aka yi irin wannan kamu, allo yakan mutu a gidajen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, har a Afirka. Wanda ya biya kuɗin shekara ba shi da rasiɗi, ba shi da ofishin da zai kai kuka, lambar wayar da ya tura wa kuɗi ma ta daina shiga. A Nijar ma haƙƙin mai fasaha yana da doka, akwai kuma ofishin BNDA da ke kula da shi, kuma mai gidan kallo da ke karɓar kuɗin jama'a a kan hoton sata ya fi mai kallo a ɗakinsa shiga hatsari.

Hatsari na biyu a cikin akwatin yake. Masu bincike sun gano cewa da yawa daga cikin akwatunan nan marasa suna, masu arahar gaske, tun daga masana'anta ake cusa musu muguwar manhaja. A watan Disamba na 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta katse hulɗar na'urori kusan dubu 30 masu ɗauke da cutar da aka sa wa suna BadBox. A watan Yuni na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan sabon nau'inta, wata guda bayan haka kamfanin Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urorin da suka kamu sun haura miliyan 10. Irin wannan akwati yana nuna hoto kamar kowane, amma a ɓoye yana ba baƙi aron layin mai gida suna aikata abin da suka ga dama da sunansa. Ga wanda ke sayen intanet da awo, ma'anar wannan a fili take: megarsa tana zuba ko da telebijin a kashe. Mai hankali ba zai rubuta lambobin sirrinsa a cikin akwatin da bai san asalinsa ba, kuma zai zare shi daga wuta in an gama kallo. Jami'an da ke sayen kaya da sunan ofis su ma ya kamata su kiyaye, kada a haɗa irin wannan akwati da layin da kwamfutocin aiki ke amfani da shi.

Wa ke cikin jerin?

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi hukuma fiye da mai gida. Wanda ya tsara takardar M3U shi ke zaɓen abin da gida zai gani da abin da zai zo a sama. Jerin da ake sayarwa an tsara su ne don mutanen Turai da ƙasashen Larabawa. Mutum zai wuce tashoshi ɗari na harsunan da bai taɓa ji ba kafin ya kai ga Télé Sahel ko Tal TV ko Ténéré ko Dounia, in ma suna ciki, kuma sau da yawa adireshinsu ya daɗe da mutuwa. Daga cikin tashoshi dubun kuma akwai waɗanda babu uban da zai yarda ɗansa ya gani. Kodi tana da wurin kulle tasha da lambar sirri, kuma takardar kanta ana iya buɗe ta a goge abin da ba a so, amma mutum nawa ne aka nuna wa haka ranar da suka sayi akwati?

Abin da mutanen Damagaram ke nema a allo ba ɓoyayye ba ne: labarun ƙasa, wa'azi da tafsiri, ƙwallo, kokowa, da wasannin Hausa. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta nuna yawan masu jiran shiri da harshensu, da wasanni irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, haka kuma Labarina da Izzar So suka tara dubban masu kallo ta YouTube a ɓangarorin iyaka biyu. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Matsayi a takarda abu ne mai daraja, amma yaron Tirmini a allo zai auna shi. In ya danna jerin bai tarar da tashar ƙasarsa ba, ko ya tarar tana tsinkewa alhali ta waje tana tafiya sumul, zai zauna inda hoto yake.

Gyaran wannan bai fi ƙarfin ma'aikatu ba. Gidan RTN da tashoshi masu zaman kansu suna iya fitar da adireshi tabbatacce wanda ba ya sauyawa, a tara su a jeri guda na ƙasa, kyauta, wanda kowane mai gyara a Zinder zai iya sa wa akwati. Ya kamata a tanadi hoto mara nauyi saboda masu raunin layi, domin labarai da shirin noma ba su bukatar tsabtar da ƙwallo ke bukata. In kuma na'urorin da ke aiko da hoton suna cikin ƙasa, ba sai ya je Turai ya dawo ba, zai fi sauri kuma zai fi araha ga kamfanonin waya, hukumar ARCEP kuwa tana da bakin magana da su a kan farashin kallon tashoshin gida.

Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne a ɗauka intanet ya zo ya sallami mai shela. Yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta sa ranar 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsarin watsa hoto a koma na zamani, wanda ake kira TNT. Ƙasashen Afirka da yawa ba su cika wa'adin ba, a Nijar kuma hukumar AND ce aka ɗora wa wannan aiki. TNT eriya da dekoda kawai yake bukata, ba ya cin mega, ba ya cunkushewa. Duk kuɗin da aka kashe don ya kai ƙauyuka, an kashe shi ne sau ɗaya saboda kowa.

Gasar kokowa ta takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ita ce ma'aunin da ya fi kowane. Kwana goma ƙasa duka tana kallon fage guda, tun daga kamun farko har zuwa ranar da za a miƙa takobi. In da kowane gida zai ja hoton ta layin waya a wannan sa'a, ƙarfen da ke kusa da gari ba zai ɗauka ba, kuma daidai lokacin da ɗan kokowar Zinder ya ɗaga ƙafar abokin karawarsa, a nan hoto zai tsaya. Saboda haka mai gidan kallo a Tirmini da ya sayi sabon akwati, zai yi kyau ya bar parabol ɗinsa bisa rufi da igiyarsa a haɗe, ya ajiye akwatin don shirye-shiryen da parabol ba ya kawowa, ya kuma gwada layin da dare, ba da hantsi ba, kafin ya biya kuɗin wata.